Ɗurar Balbela

Safiyar wata Alhamis ce, tsakiyar marka, a shekarar da annoba ta share shanun Fulani, tun Nasara ba su shigo Sakkwato ba. Na dawo daga rijiya da tulu a ka, ƙafafuna duk taɓo, na tarar da kakata Iya Kulu durƙushe a ƙofar ɗakinta da farin ƙyalle a hannu. Ƙanena Talle yana kwance a tabarma, ido a rufe, ciki ya lotsa, haƙarƙari duk a waje. Ta shimfiɗa ƙyallen a gefensa daga kai zuwa tafin ƙafa, ta ƙara taƙi guda, sannan ta kai shi baki za ta ciza ta yage. Sai ta tuna ba ta da haƙori ko ɗaya, ta miƙa hannu ta jawo wuƙa. Da ta ɗago ta gan ni, ba ta ɓoye ƙyallen ba. Ta ce, "Aje tulu ki tahi daka." Na ajiye na tafi. Ban tambaye ta komai ba, domin na san dalilin da ake auna wa mutum farin ƙyalle yana kwance. An auna wa innarmu irinsa kafin a yi shuka.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kebbe da Tambuwal, ƙarami, da ganuwar ƙasa da shingen ƙaya, da ƙofa guda wadda ake rufewa da magariba saboda mahara. Gidanmu zaure ne da ɗakuna uku na ciyawa, da rumbu biyu, da turmi a gindin tsamiya. Babanmu manomi ne, gero da dawa da ɗan wake, mutum ne da zai yini bai ce uffan ba. Iya Kulu uwarsa ce, ita ke kaɗi, ita ke rabon hatsi, ita ke faɗa. Innarmu zazzaɓi ya ɗauke ta a ƙarshen bazara, ta bar yaro ya fara koyon zama ke nan. Sunansa na yanka Garba, amma daga ranar da aka kai ta kowa ya koma ce masa Talle, kamar yadda ake kiran wanda ya rasa uwa yana goye. Ni a lokacin na gama famfara, haƙorana sababbi ne, manya, sun fi ƙarfin bakina. Aikina ɗebo ruwa, da surfe, da itace, da share turken akuya, sai kuma goyo da ya hau kaina ba wanda ya tambaye ni. Allona yana rataye a zaure, ban wuce ƙananan surori ba, kuma ban sake komawa makaranta ba.

A shekara ta gari, yaron da ya rasa uwa ba ya rasa nono. Matan Fulani na zuwa bakin ƙofa da ƙwarya kowace safiya, a ba su gero su ba da madara. Shekarar nan babu. Mun ga shanu zube a daji kamar duwatsu, ungulu sun ƙoshi har sun kasa tashi, wari ya hana mu bin hanyar itace. Na ga dattijon Bafillace zaune a gindin gawo da sandarsa a kafaɗa, ba abin da yake kiwo, kowa ya wuce sai ya ce masa sannu. Akuyarmu ba ta da ɗa, don haka ba ta da ruwan nono. Wata maƙwabciyarmu mai goyo ta karɓi Talle ta ba shi mama na ’yan kwanaki, sai nata ɗan ya fara ramewa, mijinta ya ce ya isa. Ban ga laifinsu ba, har yau. Geron bara bai yi kyau ba, rumbu ya kai ƙasa tun ana noman farko. Iya Kulu da tafin hannu take awo. Sauran ciki a cika shi da dusa da tafasa da rama.

Abin da ya rage shi ne ɗura, kuma a ƙauyenmu ba wanda ya fi Iya Kulu iya ta. Za ta kwantar da yaro a cinya a gicciye, ta harɗe ƙafafunsa da nata, ta kafa tafin hannunta a ƙarƙashin leɓensa kamar ɗan ƙoƙo, ta tsiyaya kunu da ludayi har ya rufe baki, wani lokaci har hanci. Yaro zai yi kuka, kukan ya buɗe maƙogwaro, kunu ya wuce. Da haka ta raini babanmu da ’yan’uwansa, da haka aka raine ni, da haka aka raini kowa da na sani. Ba mugunta ba ce, abin da aka gada ne, kuma ya rayar da mutane da yawa. Amma Talle bai karɓa ba. Yakan shaƙe, idanu su firfito, kunu ya fito ta hanci, da an ɗaga shi kuma ya amayar da ɗan abin da ya shiga. Aka karɓo rubutu wajen malamin zaure, shi ma sai da ɗura, shi ma ya dawo. Daga baya yaron ya gane ludayi. Da ya hango shi sai ya datse baki ya juya kai, ko da yatsa ba a iya buɗewa sai an ji masa ciwo. Iya Kulu takan dube shi ta ce, "Maigidana ya yi zuciya, ya ƙi abincina," irin wasan kaka da jika, amma ba ta dariya in ta faɗa. Sannan ya daina kuka gaba ɗaya. Wannan shi ya sa ta ɗauko ƙyallen.

A bayan gari, gangaren gonakin shinkafa, akwai wani tafki da ke cika da damina har ya shanye bagaruwar da ke bakinsa, itatuwan su tsaya cikin ruwa zuwa ƙugu. Can ne wurin wasanmu a da. Maza na langa a kan yashi suna kama tarwaɗa da hannu, mu muna carafke da ’yan duwatsu, muna ɗaura wa ’yar tsanar kara zane, muna tsinko furen bado mu yi sarƙa. Akwai kirinjijiya masu fito in sun tashi, akwai dinya, akwai zalɓe da ke tsayuwa da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi, gauraka kuma a nesa. Amma masu yawa su ne balbelu. Kowace damina sukan yi sheƙa a kan bagaruwar nan har itacen ya yi fari fat kamar an shanya auduga. Shekarar nan su ma sun rasa wanda za su bi. Babu saniya, sai suka koma bin masu noma a kunya suna tsintar abin da fartanya ta tono. Wasa kuwa ya mutu. Yaran da ke zuwa tafki ba langa ke kai su ba, ƙwai da ’ya’yan tsuntsu suke nema. Ba a cin balbela a garinmu, amma a shekarar nan ba mai tambayar sunan abin da ya gani a wuta.

Ranar Alhamis ɗin nan, da na gama daka, ban koma gindin tabarmar ba. Na kasa. Na zame ta bayan gida na nufi tafki ni kaɗai, kuma ba don Talle na tafi ba, don cikina na tafi. Na ga yadda maza ke yi: a shiga ruwa a ɓuya, a jira uwar ta tashi neman abinci, sannan a hau a kwashe. Na ɗaure zanena a ƙugu na shiga cikin bado, ruwa ya kai mini ƙirji, na ɗora ganye a ka, na zaɓi wata sheƙa da ke ƙasa-ƙasa a reshen da ya sunkuyo, wadda in na miƙe zan iya kai hannu. Tsinke ne kawai aka jera, ana hango sama ta ƙarƙashinsa. ’Ya’ya biyu ne a ciki, sababbin ƙyanƙyasa, gashi tsilli-tsilli, wuya ba ya ɗaukar kai. Wata balbela na tsaye a kansu ta buɗe fukafukai tana yi musu inuwa. Na tsaya. Matsattsaku suka same ni a ƙafa, ban motsa ba. Sauro ya ci wuyana, ban motsa ba. Rana ta hau, ruwan saman ya yi ɗumi, na ƙasa da sanyi, ƙafafuna suka nutse a laka har na daina jin su.

Can sai ga wata balbelar, ɗayar iyayen, ta dawo. Ba ta faɗa kan sheƙar ba, ta sauka a ƙarshen reshe, ta tsaya ta duba ko’ina, sannan ta tako a hankali tana kauce wa ƙaya. Mai inuwar ta matsa mata, ta tashi ta tafi nata neman. A nan na gane ba za a bar mini sarari ba, in wannan ta tafi waccan na nan. Kada a ce tausayi ne ya hana ni. Hanya ce ban samu ba. Tunda na riga na jiƙe, sai na tsaya ina kallo. Ta sunkuyar da kai har bakinta ya kusa taɓa na ɗan, ta tsaya nan. Ba ta tura ba. Ta goga masa a gefen baki, ta janye kaɗan, ta sake gogawa, ta jira. Ɗan ya ɗago kai yana rawa, ya lalubi bakin, ya sara sau ɗaya, ya sake sara. Sai wuyanta ya motsa, ta fito da wani abu mai laushi, fara ce ko ɗan kwaɗo da ya riga ya narke a cikinta, ɗan mitsitsi, ta sa masa. Ya haɗiye. Ta jira har ya sake nema da kansa, sannan ta ƙara. Haka ta yi wa na biyun. Babu kuka, babu shaƙewa, babu abin da ya zube. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ita ma ramammiya ce, ƙashin ƙirjinta a fili. Daga nesa ta ɗauko abincin nan a maƙogwaronta, da yunwarta, ta kawo shi bai ragu ba.

Na fito daga ruwa na ciccire matsattsaku na koma gida hannu wofi. Baba yana gona wajen maimai, Iya Kulu ta fita tsinko tafasa. A kan faifai an bar mini rabona na dawo, furar da ba a dama ba, curi guda bai kai ƙwan kaza ba. Na ɗauki Talle, ba nauyi, kamar an ɗauki zane, na kai shi bayan rumbu inda ba mai ganinmu. Na gutsuri dawon na tauna har ya zama ruwa-ruwa, na sunkuya zan ba shi, sai na ji bakina wayam. Maƙogwarona ya yi aikinsa bai shawarce ni ba. Na sake gutsura, na ce wannan karon zan riƙe, shi ma ya wuce. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba ba zai gane wannan ba, kuma ba zan tsaya bayani ba. Saura ɗan guntu. Na dube shi, na dubi yaron, sai na tuna yadda tsuntsuwar ta yi da kanta. Na durƙusa, na sunkuyar da kai ƙasa sosai tun kafin in sa dawon a baki, na tauna da haƙoran gaba, na tare da harshe, yawu na zuba a ƙasa. A haka ya tsaya.

Na kai leɓena gefen bakinsa. Ya datse ya juya kai, kamar yadda yake yi wa ludayi. Da Iya Kulu ce, a nan za ta matse kumatu. Ni na janye. Na jira, wuyana na ciwo, ƙamshin gero na hawa mini ka. Na sake goga masa a kumatu, na janye. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba, inuwar rumbu dai ta matsa ta bar mu a rana. Sannan ya juyo da kansa, ido a rufe, yana lalube da baki irin na mai neman mama. Leɓensa ya buɗe kaɗan. Na tura masa ɗan abu da bakin harshe, bai kai ƙwayar wake ba. Ya riƙe shi a baki kamar yana tunani. Sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na tsaya jiran amai, amai bai zo ba. Ya sake buɗe baki. Da haka guntun nan ya ƙare, na guntsi ruwa a randa na ba shi ta hanya guda. Ban gaya wa kowa ba, don ban san ko abin da na yi ƙazanta ba ne ko haramun.

Washegari aka kama ni. Ina durƙushe bayan rumbu da kaina a ƙasa sai na ji muryar Iya Kulu a kaina: "Ke! Mi kika yi ma maigidana?" Bakina a cike, ba halin amsa, in na buɗe ya zube, in na ɗago ya wuce. Sai na ci gaba da abin da nake yi, ina jiran duka a baya. Dukan bai sauko ba. Ta tsaya har yaron ya karɓa, ya haɗiye, ya sake buɗe baki. Da bakina ya zama wofi na ɗago, ta ce, "Ke tsuntsuwa ta?" Na ce, "Ga balbela na gani, Iya." Ta zauna a ƙasa daɓas, abin da ban taɓa ganin ta yi ba a tsakar rana. Ta sa yatsa a bakinta tana shafa dasashi, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Mu ɗura munka gada. Ko da na sani, da mi zan tauna?" Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da nata curin dawon, ta danƙa mini a hannu ta ce, "Tauna. In kin haɗiye ko kaɗan, hannu zan sa in hiddo shi." Na tauna, kuma a gabanta na haɗiye loma ta farko. Ta ɗaga hannu, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga ƙafafuna kamar kara, sai ta sauke hannun.

Da yamma da Baba ya dawo ta tare shi a zaure, na ji tana cewa, "A ba yarinyag ga nata ta ci tukuna, in ba haka ba na yaron za ta haɗiye." Daga ranar, in aka kai wa Baba tuwo, akushin yakan dawo da saura a gefe guda, an gyara shi da yatsa, mutumin da ke yini a kunya da fartanya. Ya kuma fara bi ta tafki in zai dawo, ya zo da ’yan ƙananan kifi a cikin hula. Iya Kulu ta dafa, ni in tauna in tsince ƙaya da harshe, Talle ya karɓa. Aka sauke mini daka da itace, tsohuwar ta koma turmi da kanta tana haki tana zagin taɓarya. Ba lokaci guda Talle ya warke ba. Akwai ranar da ya ƙi, akwai ranar da zawo ya kama shi muka ce an koma baya, ƙyallen nan kuwa yana ninke a bakin gadon Iya Kulu kowa na ganinsa. Ni kuma na ci gaba da zuwa tafki, ba don nama ba yanzu. Nakan shiga cikin bado in tsaya a wurina in ga abin da za a yi gaba. Da ’ya’yan suka yi gashi na ga uwar ta fara ba su da girma-girma, ba ta narkar da shi sosai, ni ma na rage tauna. Da suka fara cafke bakinta suna ja da ƙarfi, na ce ashe haka ake yi. Ba a daɗe ba Talle ya cafke leɓena da sababbin haƙoransa biyu har jini ya fito. Tabon yana nan.

Wata rana da hantsi, gero ya fara nuna, na tsaya wanke tukunya na makara da ba Talle abinci. Sai ya tsala kuka, irin mai tsaga kunne, wanda muka manta da shi a gidan. Baba yana zaure yana gyara ƙotar lauje, ya leƙo ya ce, "Wa ka kuka haka?" Iya Kulu ta ce, "Talle na." Ya ce, "Madalla," ya koma. Iyakar abin da na ji ya faɗa ke nan a kan maganar duka. Da aka karyo tumun farko aka gasa, ni aka fara miƙa wa, kafin manya. Bayan an yi girbi Iya Kulu ta ɗauko ƙyallen ta jefa wa Baba a cinya, ya zauna gindin tsamiya da allura ya ninka shi biyu, ya fasa wuya, ya ɗinke gefe. Ya zama ’yar riga. Ta yi wa Talle yawa, yana rarrafe yana taka ta yana faɗuwa, a cikinta kuma ya koyi tafiya har ta yi baƙi ta yage aka mai da ita tsumma.

Labari ya fita gari, yara suka sa mini suna. Ni baƙa ce ƙirin, sai suka riƙa kirana Baƙar Balbela, in na wuce su sunkuyar da kai suna motsa wuya. Na doki wasu, wasu suka doke ni. Sunan ya bi ni har gidan aure, har ya zamana ba kowa ya san na yanka ba. Daga baya mata biyu ko uku sun zo wajen Iya Kulu a asirce suna tambaya yadda ake yi, takan nuna ni da haɓa ta ce, "Ku tambayi mai haƙora." Ba a daina ɗura a garinmu ba saboda ni, kuma ban ce a daina ba. Na ga abin da ya fi wannan shekara muni a bayanta. Nasara sun zo, an yi wata yunwar, na binne miji, na binne ’ya’ya, ban ga amfanin lissafa su ba. Talle dai ya rayu. Ya zama ƙato mai cin akushi guda shi kaɗai, yana noma yana kai jakuna kasuwar Jega. Kowace kaka tumunsa na farko gidana yake kawowa. Da haƙorana suka zube, yakan zauna a bakin ƙofa da tumun a hannu ya ce, "Yaya, in tauna miki?" In ce masa ya tashi ya ba ni wuri. Ya riga ni tafiya, da furfura, cikin ’ya’ya da jikoki. A ranar ni na ce a kawo ƙyallen likkafaninsa in taɓa kafin a kai masa. Mai yawa ne, ya ishi babban mutum.

Damina biyu da suka wuce wani jikansa, Ummaru, wanda ke aiki a Sakkwato, ya zo da akwatin ɗaukar hoto rataye a wuya. Ya ɗauki kowa a gidan, ni na ƙi. Ya ce to me nake so ya ɗauka, na ce ya je tafki ya ɗauko mini balbela tana ba ɗanta abinci. Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, duk mutanen garin ga ba su ishe ki ba sai tsuntsu?" Na ce, "Maigida, in ba ka iyawa ka ce ba ka iyawa." Ya tafi. Ranar farko ya dawo ba komai, ya ce da ya matsa sai su tashi. Rana ta biyu na sa aka riƙe mini hannu har bakin ruwa, na hango shi tsaye cikin bado zuwa ƙugu, ya ɗaga akwatin sama da ruwa, ba ya ko korar sauro. Ban gaya masa yadda ake yi ba, ya gano da kansa. Na ce a raina jinin gidanmu ne, ya iya tsayuwa. Bayan kaka ya dawo da takardar hoton. Idona ya yi rauni, sai da na kai ta kusa da hanci. Ga ƙaya baƙa, ga tsuntsuwa fara ta sunkuyar da kai, ga ɗan ya ɗago baki, saura kaɗan su haɗu. Ya kama daidai lokacin jiran. Ya tambaye ni me zan yi da shi. Na ce, "Wagga kakarka ta. In ba don ita ba, da babu kai, babu akwatinka." Ya zaci wasan kaka da jika ne, sai da na zaunar da shi na ba shi labari.

Yanzu ganuwa ta zube, ba a rufe ƙofa, mota na wucewa zuwa Sakkwato ana jin ƙararta daga ɗaki. Akwai madarar gwangwani, akwai cokali, akwai asibiti a Tambuwal, kuma na gode Allah da jikokinmu ba su san awon tafin hannu ba. An sare rabin bagaruwar tafki an shuka shinkafa, balbelun sun ragu, yara ba su da lokacin tsayuwa cikin ruwa su kalli abin da ba a aike su kallo ba. Duk waɗanda suka san wannan shekara sun tafi, Iya Kulu da dasashinta, Baba da akushinsa, Talle da rigarsa. Hoton yana cikin adudu tare da farin ƙyallen da na ajiye wa kaina. Shanu sun dawo tuntuni, da yamma sukan bi ta bayan gidanmu, fararen tsuntsayen na biye da su suna tsinta. Ba na ganinsu sosai, farin kawai nake gani yana motsi. In sun zo daidai katanga, nakan ce musu sannu da aiki.